Tasirin Horon Asibiti a Kan Dogaro da Kai Wajen Neman Ilimi ga Ɗaliban Harhaɗa Magunguna

Tsakure

Maƙalar nan ta yi nazarin yadda tsayuwar ɗalibi a bakin gadon majinyaci take fitar da shi daga taƙlidi zuwa bincike na ƙashin kansa, ta kuma fayyace sharaɗin da in babu shi ba a samun wannan natija.

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1966, sa'ad da Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko ta zaunar da masana magunguna a hawa na tara na asibitinta domin su yi aiki tare da likitoci da ma'aikatan jinya, fannin harhaɗa magunguna ya soma karkata ga shi mara lafiyar, har Hepler da Strand suka zo a 1990 suka ɗora wa mai harhaɗa magani alhakin abin da maganin ya haifar a jikin wanda ya sha. A Nijeriya kuwa, inda aka daɗe bisa digirin B.Pharm na shekara 5, Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da PharmD mai shekara 6 a 2016, wanda ya tsawaita zaman ɗalibi a asibiti.

Bahasi

Malcolm Knowles, a littafinsa na 1975, ya siffanta mai koyo da kansa da cewa shi ne wanda yake gane gibin iliminsa, ya nemi inda zai cike shi, sa'an nan ya auna abin da ya samu. To, aji ba kasafai yake nuna wa ɗalibi gibinsa ba, domin malami ne ke kawo mas'ala da jawabinta gaba ɗaya, ɗalibi ya haddace, ya mayar ranar jarrabawa. Amma idan aka miƙa masa fayil ɗin dattijon da aka rubuta wa allurar gentamicin, alhali gwajin jini ya nuna ƙodarsa ta raunana, sanin cewa maganin yana cutar da ƙoda da ji ba zai wadatar da shi ba. Lalle ne ya nemo nauyin majinyacin da shekarunsa, ya yi lissafin Cockcroft da Gault na auna aikin ƙoda, ya buɗe littafin magunguna na BNF ya duba ko a rage adadi ko a tsawaita tazarar allura, sa'an nan ya kafa hujjarsa a gaban likitan da ya girme shi. Kunyar a tambaye shi ya yi shiru, ko da yake manhaja ba ta ambace ta ba, tana cikin manyan abubuwan da ke kai shi ga muɗala'a da dare.

Sai dai sharaɗin yana wuyan mai horarwa. Wanda yake gaggawar ba da amsa domin a gama zagaye da wuri, ko yake tsare ɗalibi a bakin taga yana ƙirga ƙwayoyi daga safe har la'asar, taƙlidin nan na aji ya dawo da shi cikin farar riga. Saboda haka muna kira ga tsangayoyin harhaɗa magunguna da su horar da masu horarwar tukuna, su kuma wajabta wa kowane ɗalibi rubuta mas'alolin da ya binciko da kansa, a sa su cikin makin jarrabawarsa.