Likitan ido: Aikinsa da hanyar samunsa daga karkarar arewacin Kano

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, tun daga Dawakin Tofa da Bichi da Tsanyawa har zuwa Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa, gona na manne da gona, kuma kusan kowane gida yana da ɗa ko jika da ke kasuwanci ko aikin gwamnati a birni. Idan ganin dattijo ya soma dusashewa a irin waɗannan gidaje, akan ce tsufa ne. Sau da yawa ɗansa da ke Kantin Kwari ko Sakatariyar Audu Bako ba ya samun labari sai uban ya daina zuwa gona, ko kuma sai an riƙe masa sanda zuwa masallaci.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a lokacin. Kashi 84 cikin 100 na wannan makanta irin wadda za a iya hanawa ko warkarwa ce. Abin da ke raba wanda ya tsira da ganinsa da wanda ya rasa shi, galibi, shi ne wurin wa aka kai shi da kuma lokacin da aka kai shi.

Su wane ne ma'aikatan ido?

Jama'a kan kira duk wanda ya duba ido "likitan ido", alhali ma'aikatan kashi huɗu ne, kowa da iyakarsa.

Na farko shi ne ƙwararren likitan ido. Wannan cikakken likita ne da ya yi shekara shida a jami'a ya samu digirin MBBS, ya yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a fannin ido kaɗai a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Akan ga haruffan FMCOph ko FWACS a bayan sunansa, kuma yana da rajista da hukumar MDCN. Shi ne ke yin tiyatar cikin ido, shi ne kuma ke kula da cututtuka masu wuya.

Na biyu shi ne masanin awon gani, mai digirin OD, wanda hukumar ODORBN ke yi wa rajista. Yana auna ƙarfin gani, ya rubuta tabarau, ya gano alamun cuta, ya tura mara lafiya gaba idan abin ya kai ga tiyata. Jami'ar Bayero ta Kano na cikin masu koyar da wannan fanni. Na uku shi ne mai haɗa tabarau, wanda ke yanka gilashi bisa takardar da aka rubuta. Na huɗu kuwa nas ce ko nas mai ƙarin horo a kan ido, kuma su ne aka fi samu a asibitocin ƙananan hukumomi.

Mai sayar da tabarau a faifai ranar kasuwa da mai shagon magani ba sa cikin wannan jeri.

Cututtukan da ake kai wa likitan ido

Yanar ido ce kan gaba, domin ita ce sanadin kimanin kashi 43 cikin 100 na makantar da binciken ya gano. A cikin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai da ke tattara haske. Idan ya yi hazo, gani yakan ragu sannu a hankali ba tare da ciwo ba, har tsakiyar idon ya yi fari. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke wanke yana. Tiyata ce maganinta: a kashe zafin wurin, a cire madubin da ya lalace, a sa na roba a gurbinsa. Yawanci aikin ba ya wuce rabin awa, kuma ba a ciro ƙwayar ido waje kamar yadda ake tsoratar da tsofaffi. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara dasa irin wannan madubi a Landan a 1949.

Ta biyu ita ce hawan jinin ido, mai kimanin kashi 17 cikin 100. Duk da sunanta, ba hawan jinin jiki ba ce, kuma mai lafiyayyen jini ma yana kamuwa da ita. Ruwan cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata, sai matsi ya riƙa cin jijiyar gani. Tana fara cin gani daga gefe, shi ya sa mutum ba ya farga sai ta yi nisa. Abin da ta ci ba ya dawowa. Abin da likita zai iya shi ne tsare ragowar da maganin ɗigawa na kullum, ko hasken leza, ko tiyata. Ta fi kama baƙar fata da waɗanda suka haura shekara 40, kuma tana bin dangi. Idan an same ta a jikin uba, wajibi ne 'ya'yansa da 'yan'uwansa su je a auna su.

Amodari kuwa cuta ce da ƙuda da hannu da tsumma ke yaɗawa tsakanin yara. Idan ta yi ta maimaituwa, bayan shekaru fatar ido takan naɗe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar har ya bar hakiya. Tsige gashin da matsefata sauƙi ne na ɗan lokaci, ƙaramar tiyatar fatar ido ce ke gyara shi. Ciwon suga shi ma yana lalata tantanin da ke can bayan ido, don haka ake son mai ciwon ya je duba ido sau ɗaya a shekara ko da yana gani sarai.

Abin da ba ya jiran gobe

A lokacin girbi da sussuka da shiƙa, kara ko ƙaiƙayi kan soki idon manomi. Ƙaramin ƙwarzane irin wannan yana iya zama gyambo cikin 'yan kwanaki, musamman idan aka ɗiga maganin shago mai sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ja amma ya ba ƙwayar cuta damar yaɗuwa. Zuba nono ko ruwan suga ko ruwan ganye yana ƙara ɓarna. Idan taki ko maganin feshi ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya.

Sauran alamun da ke bukatar asibiti a ranar su ne ɗaukewar gani farat ɗaya, ciwon ido mai tsanani haɗe da ciwon kai da amai, kumburi da ruwan ƙwantsa a idon jariri sabon haihuwa, da yaron da ƙyanda ta hana shi buɗe ido. Farin ɗigo a tsakiyar idon yaro shi ma ba abin jinkiri ba ne, domin yana iya zama yana, yana kuma iya zama ciwon daji.

Masu kwantar da yana

Har yanzu akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna kwantar da yana da tsinke ko allura, wato su tura madubin da ya lalace zuwa cikin ido. Mutum yakan ga haske a ranar, a yi murna, a biya. Bayan haka ne kumburi ko matsi ko ƙwayar cuta kan cinye idon. Binciken na ƙasa ya nuna cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka yi su, kuma mafi yawansu sun ƙare a makance. Idon da aka kwantar wa yana ya fi wanda ba a taɓa ba wuyar gyara.

Ina za a nufa?

Matakin farko shi ne babban asibiti mafi kusa, kamar na Bichi ko Ɗambatta ko Gezawa, a tambayi sashen ido da ranakun da ake ganin marasa lafiya. A nan za a iya auna gani, a magance ƙananan matsaloli, a ba da takardar turawa.

Tiyata da manyan gwaje-gwaje sun fi samuwa a birnin Kano. Akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan ɗin SIM ta kafa a 1943, da Asibitin Ido na Makkah na gidauniyar Al-Basar, da sashen ido na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Larurar da ta fi ƙarfin waɗannan akan tura ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ma'aikacin da ke cikin tsarin KSCHMA ko NHIA ya kamata ya fara tambayar abin da tsarin ke ɗauka da kuma waɗanda ya shafa a iyalinsa.

Gidauniyoyi da masu hannu da shuni kan ɗauki nauyin aikin ido kyauta lokaci-lokaci, musamman a kusa da Ranar Gani ta Duniya, wadda ake yi ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba. Kafin a kai dattijo, a san asibitin da likitocin suka fito da inda za a koma duba aikin bayan sun tashi.

Ranar zuwa asibiti

A yi sammako, a tafi da ɗan rakiya, a ɗauki tsohon kati da tabarau da duk magungunan da ake amfani da su, har da na gargajiya. Rashin karatun boko ba ya hana awo, domin akwai allo mai alamar E wanda ake nuna inda ƙafafunta suka fuskanta da hannu, daga nisan mita 6. Za a auna matsin ido, wanda a bisa al'ada yake tsakanin 10 da 21, sannan a iya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido da ke sa gani dishi-dishi na wasu awanni, don haka wanda aka duba ba zai tuƙa babur ko mota zuwa gida ba. Mai suga ko hawan jini sai an daidaita su kafin a sa ranar tiyata.

Kafin a fito, ɗan rakiya ya tabbatar ya ji amsar tambaya uku daga bakin likita: mene ne sunan ciwon, ganin zai dawo ko tsare ragowar ake yi, kuma yaushe za a dawo. Mai maganin hawan jinin ido ya tambayi yadda zai daidaita ɗigawa da sahur da buɗa-baki idan azumi ya zo, maimakon ya ajiye kwalbar wata guda.

Ga wanda iyayensa ke karkara, gwajin da ya fi sauƙi shi ne idan ya je gida ya sa su rufe ido ɗaya da tafin hannu, su ƙirga yatsunsa daga nisan taku shida, sannan su sauya ido. Wanda ya kasa da ɗayan idanunsa, a kai shi asibiti ba tare da jiran ɗayan ya bi sahu ba. Wanda ya ƙirga daidai amma ya haura shekara 40, shi ma yana bukatar awon matsin ido, domin hawan jinin ido ba ya bayyana a wannan gwaji sai ya riga ya yi ɓarna.