Tarihin Maganin da ke Hura Jakar Iska a Cikin Mota

Duk wanda ya girma a wannan yanki namu na Madekali da Malanbil ya san jerin gwanon motocin hannu da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Shekara da shekaru suna haurowa ta Paraku da Kandi, waɗansu su haye gada zuwa Gaya a Nijar, waɗansu kuma su bi ta wajenmu su shiga Nijeriya ta Lolo. An rufe gadar a shekara ta 2023, amma motocin da suka riga suka shigo suna nan, mu ne fasinjojinsu. A tsakiyar sitiyarin yawancinsu akwai wata jaka a naɗe, wadda ake kira jakar iska. A bayanta kuma akwai ɗan gwangwanin ƙarfe cike da ƙwayoyin magani. Ya ɗan'uwa mai karatu, tarihin wannan magani nake so mu duba, gama ya shafi ranmu.

Aikin jakar shi ne ta kumbura a lokacin karo, ta tare kan direba da ƙirjinsa kada su bugi sitiyari. A shekara ta 1953 wani Ba'amurke mai suna John Hetrick da wani Bajamushe mai suna Walter Linderer kowannensu ya sami takardar mallakar wannan dabara. Su da iskar da aka matse a tulun ƙarfe suka yi tunanin hura ta. Amma karo ba ya jira. Dole jakar ta cika kafin ƙiftawar ido, wato cikin wajen kashi ɗaya bisa ashirin da biyar na daƙiƙa, dabarar tasu kuwa ba ta kai wannan sauri ba. Sai masana suka koma ga magani mai ci kamar albarushi. Na'ura ta ji karo, ta aika da tartsatsin lantarki, ƙwayoyin su ƙone nan take, iskar da suka fitar ta cika jakar.

Maganin da aka fi dogara da shi tun daga shekarun 1970 shi ne sodiyam azayid. Kamfanin General Motors ya sayar da motoci masu jakar iska a 1974, Mercedes-Benz kuma a 1981. A 1991 Amurka ta yi dokar da ta tilasta sa jaka biyu a gaban kowace sabuwar ƙaramar mota daga ƙirar 1998. Azayid yana fitar da iskar naitorojin, wadda ba ta da lahani, gama ita ce mafi yawa a iskar da muke shaƙa. Yana kuma jure ajiya. Aibinsa guda ne, amma babba: kafin ya ƙone, mugun dafi ne. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe mutum, in kuwa ya haɗu da ruwa mai tsami sai ya fitar da iska mai guba. Ma'aikatan masana'anta da masu farfasa tsofaffin motoci su ne suka fi zama cikin hatsari. Saboda haka a shekarun 1990 kamfanoni suka tashi neman madadinsa.

A nan hanya ta rabu biyu. Yawancin kamfanoni sun ƙare a kan wani magani mai suna guwanidin naitiret. Ba shi da dafi irin na azayid, yana ci a hankali gwargwadon yadda aka tsara, zafi da laima kuma ba sa saurin lalata shi. Shi ne aka fi sa wa sababbin motoci a yau. Amma kamfanin Takata na ƙasar Japan, ɗaya daga cikin manyan masu yin jakar, ya fara gwada wani mai suna tetirazol, sa'an nan wajen shekara ta 2000 ya koma ga amoniyam naitiret, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba.

Manomi ya san amoniyam naitiret, gama da shi ake yin wani irin takin zamani. Shi ne kuma ya fashe a tashar jirgin ruwa ta Beirut ranar 4 ga Agusta 2020, tan 2,750, ya kashe mutum fiye da 200. Halinsa shi ne shan laima. In ya daɗe yana shan zafin rana da sanyin dare da danshi, ƙwayoyin sukan yi ƙananan ramuka. Ranar karo sai su ci gaba ɗaya da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su sami fuska da wuyan wanda aka so a ceta.

A Nuwamba 2008 kamfanin Honda ya fara kiran motoci wajen 4,000 domin gyara. Abin ya yi ta yaɗuwa har ya zama kiran mayar da motoci mafi girma a tarihi: gwangwani wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, kimanin miliyan 100 a duniya. Mutum fiye da 30 sun mutu, ɗaruruwa sun ji rauni, yawanci a wurare masu zafi da danshi kamar Malesiya da kudancin Amurka. A 2017 Takata ya amsa laifin ɓoye gaskiya a gaban kotun Amurka, aka ci shi dala biliyan 1, a watan Yuni kuma ya karye. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Har a 2024 kamfanin Citroën ya ce wa masu motar C3 a kudancin Faransa su daina tuƙa ta sai an canja musu gwangwanin.

To, ina mu? A Turai da Amurka kamfani yakan rubuta wa mai mota wasiƙa, a canja masa kyauta. Motar da ta ƙetare teku, ta canja hannu sau huɗu kafin ta iso tashar Malanbil, wa zai rubuta wa mai ita? Ga shi ta sha danshin Kwatano, yanzu tana shan zafinmu na Afrilu da ya kan wuce awo 40. Honda Accord da Civic ƙirar 2001 da 2002, da Toyota Corolla ƙirar 2003 da 2004, suna cikin waɗanda aka yi kashedi mai ƙarfi a kansu. Irinsu kuwa ba baƙi ba ne a hanyoyinmu.

Kada wani ya ce jakar ce mugun abu. Hukumar kiyaye hanyoyi ta Amurka ta lissafta cewa jakar gaba ta ceci rai fiye da 50,000 daga 1987 zuwa 2017. Abin yi shi ne, mai mota ya kwafi lambar jikin motarsa, mai harufa da lambobi 17, wadda ke gindin gilashin gaba ta wajen direba. Ya ba yaro mai waya ya duba masa a shafin intanet na kamfanin, ko motar tana cikin waɗanda aka kira. In tana ciki, ya nemi wakilin kamfanin a Kwatano, kada ya yarda a sa masa tsohon gwangwani daga kasuwar kayan gyara, gama mai yiwuwa irin wancan ne. Kanikawa da 'yan gwangwan kuma kada su fasa shi da guduma, kada su jefa shi wuta. Mai sayen mota ya duba lambar tun kafin ya biya kuɗi, kowa kuma ya ɗaura bel in ya shiga.