Ƙaura a Ƙuruciya da Juriyar Ɗalibai 'Yan Wasa

Yaron da aka yi ƙaura da shi yana ƙarami yakan koyi fara komai daga tushe: sabon harshe, sabuwar makaranta, sababbin abokai. Wannan sabo da baƙunci kan hana shi karaya a filin wasa idan aka ci su, ko koci ya ajiye shi a benci.

Luol Deng misali ne. An haife shi a Wau, kudancin Sudan, a 1985. Yaƙin basasa ya sa iyalinsu suka gudu zuwa Masar, daga bisani suka sami mafaka a Landan. Yana ɗan shekara 14 ya tafi Amurka, inda ya haɗa karatu da ƙwallon kwando a Blair Academy, sannan Jami'ar Duke. A 2004 ya shiga Chicago Bulls, ya kuma buga wa Birtaniya a gasar Olamfik ta 2012.

Sai dai ƙaura kaɗai ba ta gina juriya, tana ma iya jefa yaro cikin kaɗaici. Deng ya sami 'yan uwa da ƙungiyar unguwa a Brixton da suka riƙe shi. Don haka iyaye su riƙa zuwa kallon wasan yaransu, su san kocinsu, su kuma sa ido kada wasa ya danne karatu.