Roy Naisbitt, mai tsara fagen katun

A 2021 Roy Naisbitt ya rasu yana da shekara 90, kuma in ka cire 'yan sana'ar katun, kaɗan ne suka ji labari. Aikinsa tsara fage ne, sashen da mai kallo bai ma san da shi ba.

A zamanin da ake zana katun da hannu, kafin a zana zomo ko ɓarawo yana motsi, sai wani ya zauna da fensir ya yanke hukunci: daga ina za a hango ɗakin, ina ƙofa take, ta ina za a shigo, taku nawa za a yi. Kamar mai zayyana wuyan babbar riga ne kafin maɗinki ya sa allura, in riga ta yi kyau kuwa maɗinki ake yabo. Wahalar ita ce kyamarar ba ta yawo. A kafe take bisa tebur tana kallon ƙasa, ana ɗaukar hotuna ɗaya bayan ɗaya, guda 24 don sakan ɗaya tak. In ana so mai kallo ya ji kamar ya waiwaya, ko ya faɗo daga bene, dole a zana waiwayen a jikin takarda, a riƙa jan ta kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kyamara.

A nan Naisbitt, mutumin Ingila, ya gagari kowa. Ya yi aiki a fim ɗin Stanley Kubrick na 1968, 2001: A Space Odyssey, sannan ya daɗe yana aiki tare da mai shirya katun Richard Williams a Landan. Takardunsa dogaye ne, wasu a lanƙwashe. In an shimfiɗa maka ɗaya sai ka rantse mai zanen bai iya ba: ginshiƙi ya karkace, daɓe ya kumbura, matakala ta murɗe. Amma da kyamara ta bi ta kai, sai komai ya miƙe, cikinka ya juya. Wanda ya kalli farkon Who Framed Roger Rabbit na 1988 ya ga hannunsa a kicin ɗin nan mai daɓe baƙi da fari, inda jariri ke rarrafen neman biskit a saman firji, zomo na biye da shi cikin bala'i. Williams ya samu kyautar Oscar biyu a kan fim ɗin.

Ni dai a wurina, gwanintar Naisbitt tana cikin The Thief and the Cobbler, labarin ɓarawo da baduku. Williams ya fara shi a 1964, asalinsa daga hikayoyin Mulla Nasruddin, ya kuma ɗauko fasalinsa daga zanen tsofaffin littattafan Farisa, waɗanda ba ruwansu da dokar nan ta cewa abin da ya yi nisa sai ya ƙanƙance. Naisbitt ya mai da wannan abin wasa. Baduku na bin ɓarawo a cikin fada, abin da ka ɗauka daɓe ne sai ya zama rami, dara-daran zane na ruɗa ido. Kwamfuta a yau za ta juya maka kyamara yadda kake so, amma daidai take juyawa. Shi kuwa da gangan yake karya awo, ya kuma san inda zai karya shi.

Fim ɗin bai yi ƙarko ba. A 1992 masu kuɗi suka karɓe shi daga hannun Williams, aka datse, aka cusa waƙoƙi, aka fitar da shi a 1993 da 1995 da wasu sunaye. Naisbitt bai ajiye fensir ba. Ya haura 80 lokacin da The Last Belle na Neil Boyle ya fito a 2011 ɗauke da fagensa.

Mai son ganin aikinsa ya nemi Recobbled Cut na The Thief and the Cobbler, wanda Garrett Gilchrist ya harhaɗa tun daga 2006. In an zo tseren cikin fada, a ƙyale ɓarawon, a kalli ƙasa da bango.