Yaron da Ya Kwafe Takardun John Hunter Kafin a Ƙone Su

A watan Disamba na 1785 aka kwantar da wani mai tuƙa keken doki, ɗan shekara 45, a asibitin St George da ke Landan. Jijiyar jini ce ta kumbura masa a bayan gwiwa, irin kumburin da in ya fashe, jini zai ƙare wa mutum kafin a yi wani abu a kai. Dabara biyu likitocin fiɗa na wancan zamani suka sani: ko a datse ƙafar daga cinya, ko a tsaga wurin kumburin a ɗaure jijiyar a nan, aikin da da yawa daga waɗanda aka yi wa ba sa tashi. Maganin sa barci kuwa babu shi, don sai a 1846 aka fara amfani da shi wajen tiyata. Ƙarti ake samu su danne majiyyaci, yana ji yana gani a yanka shi.

Likitan da ya karɓi mutumin, John Hunter, ya bi wata hanya daban. Ya bar kumburin yadda yake, ya hau can sama cikin cinya inda jijiyar take da lafiya, ya tsaga kaɗan, ya ɗaure ta da zare. Lissafinsa shi ne, in aka toshe babbar hanya, ƙananan jijiyoyin da ke gefe za su buɗe su ɗauki jinin zuwa ƙasa. Haka kuwa aka yi. Bayan kamar mako shida mutumin ya fita asibiti da ƙafafunsa biyu, ya koma kan sana'arsa. Da zazzaɓi ya yi ajalinsa wata goma sha biyar bayan nan, Hunter bai yi ƙasa a gwiwa ba sai da ya samo ƙafar, ya feɗe ta, ya ga da idonsa yadda jinin ya sake hanya. Wannan yanki na ƙafa yana nan har yau a gidan tarihi na Hunterian, cikin ginin Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila da ke unguwar Lincoln's Inn Fields.

To amma a ɗauke takardar da ta faɗi wane ne mai ƙafar, me ya same shi, me aka yi masa, yaushe ya mutu. Me ya rage? Tsoka da jijiya, waɗanda ko ƙwararren likita zai daɗe yana juyawa kafin ya gane abin da ake so a nuna masa. A gidan tarihin likitanci, kayan da ke cikin kwalba rabin shaida ne, ɗaya rabin yana cikin rubutu. Kuma rubutun Hunter, ba don wani yaro maraya ba, da kusan duk ya zama toka.

An haifi Hunter a 1728 a wata gona kusa da Glasgow, a ƙasar Sukotlan. Ba ɗan makaranta ba ne, karatun littafi bai taɓa kama shi ba. A 1748 ya bi yayansa William zuwa Landan, inda yayan yake koyar da ilimin sassan jikin ɗan Adam, aka ba shi wuƙa, nan take aka ga hannunsa ya faɗa. Sana'ar a lokacin ba ta da wata daraja: shekara uku kacal da raba likitocin fiɗa da wanzamai, waɗanda tun 1540 ƙungiyarsu ɗaya. Hunter ne ya dage cewa mai yanka jiki sai ya san yadda jiki yake aiki, kuma ba za a san na mutum ba sai an kwatanta shi da na sauran halittu. Saboda haka ya feɗe abin da duk ya zo hannunsa, daga ƙudan zuma har manyan dabbobin teku. Gidan gonarsa na Earl's Court cike yake da namun daji. Ya taɓa dasa haƙorin mutum a zankon zakara don ya ga ko zai kama, kuma wannan kan zakara ma yana nan a ajiye. Kafin ya mutu ya tara abubuwa kusan 14,000, wasu a busashe, wasu cikin sinadari a kwalabe.

Ina ya samo gawarwakin mutane? Doka ba ta yarda a feɗe kowa ba sai waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, su kuma ba su isa komai ba. Sauran daga maƙabarta suke fitowa, ta hannun masu haƙe kabari da tsakar dare. Sai a 1832 majalisa ta yi dokar da ta kashe wannan kasuwa. Ba wanda ya kai Charles Byrne shan wahalar wannan ɗabi'a. Saurayi ne daga arewacin Ailan, tsawonsa ya kai ƙafa bakwai da inci bakwai, ya zo Landan a 1782 yana nuna kansa ana biya. Ya san likitoci sun sa masa ido. Da ya ji ciwo ya ci ƙarfinsa, sai ya bar wasiyya a sa shi cikin akwati mai nauyi a nutsar a teku. Ya rasu a 1783 yana da shekara 22, abokansa suka ɗauki akwatin suka nufi gaɓar teku, amma gawar ba ta isa ba. Hunter ya saye waɗanda aka ba tsaro, an ce har fam 500 ya biya. Ya dafa gawar a babbar tukunya, ya ware ƙasusuwan, ya ɓoye su shekaru kafin ya fito da ƙwarangwal ɗin.

Ba a ce ƙashin bai yi amfani ba. A 1909 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka Harvey Cushing ya duba cikin ƙoƙon kan, ya ga alamar ƙari a 'yar halittar nan da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sarrafa girman jiki. A 2011 masu bincike suka ba da rahoton abin da suka samu a haƙoransa: wata tangarɗa ta gado, wadda har yanzu ake samu a wasu iyalai na arewacin Ailan, abin da ya ba da damar a gwada 'ya'yansu tun kafin ciwon ya yi nisa. Duk da haka, a ganina, amfanin da aka samu daga baya bai wanke cin amanar farko ba. Mutum ya ce a'a da bakinsa, aka tsayar da shi a akwatin gilashi fiye da shekara 200. A Janairun 2023 masu kula da gidan suka ce ba za a sake nuna shi ba, amma ba za a binne shi ba, za a ajiye don bincike. Shi kuwa Hunter sau biyu aka yi masa jana'iza, ta biyun a 1859, lokacin da aka tono akwatinsa daga ƙarƙashin cocin St Martin aka mai da shi Westminster Abbey, inda aka binne sarakuna da dama.

Mu koma kan yaron. Sunansa William Clift, daga yankin Cornwall, iyayensa sun rasu tun yana ƙarami. Abin da yake da shi kawai kyan rubutu da iya zane. A Fabrairun 1792, yana ɗan shekara 17, aka kawo shi gidan Hunter da ke Leicester Square a matsayin yaron koyon aiki: ya rubuta abin da maigida ya faɗa, ya zana abin da aka feɗe, ya kula da kwalabe. Hunter yakan yi ta yi masa shifta har dare ya raba. Wata 20 kawai suka yi tare. Ranar 16 ga Oktoba, 1793, gardama ta kaure a wani taron hukumar asibitin St George, Hunter mai ciwon zuciya ya fusata, ya fita zuwa ɗakin da ke kusa ya yanke jiki ya faɗi.

Ya mutu da bashi a wuyansa, don duk abin da ya samu a kan kayan nan ya ƙarar. Aka sallami ma'aikata, aka sayar da abin da zai sayu. Wasiyyarsa ta ce a fara yi wa gwamnati tayin kayan, gwamnati kuwa tana yaƙi da Faransa. An ce firayim minista William Pitt cewa ya yi kuɗin albarushi ma bai ishe shi ba, balle na kwalabe. Shekara shida ana wannan jan ƙafa, Clift na zaune cikin gidan da 'yan sulallan da ba su taka kara sun karya ba, yana share ƙura, yana ƙara sinadari a kwalbar da ta fara bushewa. Da ya bari sun bushe, da ba sauran abin da za a saya.

A cikin waɗannan shekaru ne ya yi abin da ba wanda ya sa shi. Ya ɗauko kundayen maigidansa, bayanan dabbobin da aka feɗe, labaran majiyyata, darussan tiyata, ya dinga kwafewa da hannu, shafi bayan shafi. Duk wanda ya tashi kusa da zauren malamai ya san irin wannan aiki: almajiri ya duƙa da alƙalami da tawada yana kwafar littafin malaminsa, ba don an biya shi ba, sai don ya san kwafi ɗaya a duniya ba ajiya ba ce.

A 1799 majalisa ta amince da fam 15,000, aka damƙa kayan ga ƙungiyar likitocin tiyata, wadda ta zama kwaleji a shekarar da ta biyo, aka kuma naɗa Clift mai kula da su. Takardun dai ba su bi kwalaben ba. Everard Home, ƙanen matar Hunter, tsohon ɗalibinsa kuma ɗaya daga cikin masu zartar da wasiyyarsa, ya sa aka loda su a amalanke aka kai gidansa. Hujjarsa ita ce shi zai tsara kundin da zai bayyana kowane abu da ke gidan tarihin. Shekara ta bi shekara, masu kula da gidan na tambaya, Home na cewa ana nan ana yi. A wannan tsakani kuwa ya zama abin kwatance wajen yawan maƙalu, yana ta gabatar da sabbin bincike a gaban ƙungiyar masana ta Royal Society, har sarki ya ba shi sarauta, ya kuma shugabanci kwalejin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A Yulin 1823, bayan ya gama duba shafukan ƙarshe na wani babban littafinsa, Home ya tura takardun Hunter cikin murhu. Yawansu ya sa har bututun hayaƙin gidan ya kama da wuta. Da bakinsa ya gaya wa Clift, suna cikin keken doki, kamar wani ƙaramin abu. Daga baya ya ce wai Hunter ne ya bar masa wasiyyar ya ƙone su. Wanda zai ƙone bisa wasiyya, me ya sa ya jira shekara talatin? Clift da ya san abin da ke cikin kundayen ya riga ya lura cewa maganganun maigidansa suna fitowa a maƙalun Home da sunan Home. A 1834, shekara biyu bayan mutuwar Home, aka kira Clift gaban wani kwamitin majalisa, ya lissafo abin da ya salwanta ɗaya bayan ɗaya, har kuka ya ci ƙarfinsa.

Ɓarnar ta fito fili da aka zo tsara kundin. Dubban kwalabe ga su a jere, ba a san na wace dabba ce wannan hanta ba, ba a san dalilin da ya sa Hunter ya ajiye wancan ƙashi kusa da wannan ba. Richard Owen, matashin da aka ɗauka ya taimaki Clift, wanda daga baya ya auri 'yarsa, dole ya dinga karɓo mushen dabbobi daga gidan namun daji na Landan yana feɗewa, yana gwada abin da ya gani da abin da ke cikin kwalba, kafin ya iya sa wa kowanne suna. Aikin da takarda ɗaya za ta warware cikin minti biyar sai ya ci kwanaki. Owen ɗin ne kuma, a 1861, ya buga rubuce-rubucen Hunter kan halittu da sassan jiki cikin mujalladi biyu, daga kwafin Clift. Shi Clift bai ga wannan ba, ya rasu tun 1849.

Wuta ta sake zuwa a daren 10 ga Mayu, 1941, wannan karon daga jiragen Jamus. Bama-bamai suka faɗa kan kwalejin, fiye da rabin abin da gidan ya tara ya hallaka. Daga cikin na Hunter, kusan 3,500 ne suka rage, kuma su ne ƙashin bayan gidan da aka sake buɗewa a Mayun 2023 bayan gyaran shekara shida. Ɓangaren gaba na ginin, inda ɗakin karatu yake, bai rushe ba. Kundayen da Clift ya rubuta da hannunsa suna ma'adanar takardun kwalejin, kuma mai bincike na iya neman izini a fito masa da su ya karanta.