Abin da ya kamata a sani game da kariyar ɗaukar keken hawan dutse a bayan mota

Wasan tuƙa keke a kan duwatsu ya samo asali ne a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970. Tun daga lokacin masu wasan ke fama da matsala guda: hanyoyin da ake hawa suna nesa da gari, dole sai an ɗauki keken a mota.

Daga cikin hanyoyin da aka samar, wadda ta fi karɓuwa ita ce kariyar da ake haɗawa da ƙarfen jan tirela a bayan mota. Ta fi ta saman rufi sauƙin lodi, domin ba sai an ɗaga keke sama da kai ba, kuma ba ta tare iska sosai, don haka shan mai bai kai na waccan ba.

A Amurka da Kanada, ƙarfen jan yana da baki mai kusurwa huɗu, faɗinsa inci 1.25 ko inci 2, ana zura kariyar a ciki a kulle da ƙusa. A Turai kuwa, ana damƙe ta ne a kan dunƙulen ƙarfe mai faɗin milimita 50. Saboda haka kariyar da aka sayo daga wata nahiya ba lallai ta shiga motar da aka shigo da ita daga ɗayar ba.

Iri biyu aka fi sani. Akwai wadda ake rataya keke a kanta ta gangar jikinsa, tana da araha da rashin nauyi. Sai dai kekunan hawan dutse na zamani suna da karkataccen jiki da abin rage jijjiga a tsakiya, ba su ratayuwa da kyau, kuma sukan gogi juna a tafiya. Na biyu ita ce mai faranti, inda tayoyi ke zama a kan ƙarfe, wani hannu ya danne tayar gaba. Ta fi tsada da nauyi, amma ita ta fi dacewa, musamman ga keken da aka ƙera da sinadarin kabon, wanda matsi kan iya tsaga shi. Kamfanonin Thule na Suwidin da Yakima na Amurka suna cikin sanannun masu ƙera su.

Nauyi shi ne wurin da ake yawan yin ganganci. Kowane ƙarfen ja yana da iyakar nauyin da zai iya ɗauka a kansa, ƙarami daga cikinsu bai wuce kilo 90 ba, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. Keke mai batir kan haura kilo 20 shi kaɗai. Idan aka wuce ƙa'ida, kowane rami da mota ta faɗa yana ƙara gajiyar da ƙarfen, har wata rana ya saki kaya a gaban motar da ke biye.

Zafin salansa ma kan lalata tayar da ta matso kusa da shi. Haka kuma kekunan sukan rufe lambar mota da fitilun baya, shi ya sa a ƙasashen Turai da dama doka ta tilasta sanya wa kariyar nata fitilun da lamba, a jona su da wayar lantarkin motar.