Fitilar Tagulla da Amanar Magabata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Bayan haka, a ƙarni na 12 na Miladiyya maƙeran Khurasan, musamman na birnin Hirat, sun shahara da zubin tagulla. Sukan ƙera fitila mai mazubin mai da bakin lagwani, su zana mata addu'ar albarka ga mai ita da rubutun Kufi. A yau irin waɗannan fitilu suna gidajen tarihi na Alƙahira da Landan, wasu kuma attajirai ke sayensu a gwanjo, sau da yawa ba a san gidan da suka fito ba.

Ƙasar Hausa ma ta san tagulla tun da daɗewa. Ibn Baɗuɗa, wanda ya sauka Takadda a 1353, ya ambaci cewa daga can ake kai ta Gobir da Barno. Sai dai fitilar da ta raya dare a zaurukan malaman Kabi ita ce aci-balbal, ta yumɓu ko ta ƙarfe, da man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga. A zamanin irin wannan haske Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ci Birnin Kabi a 1805 kuma ya rasu a Gwandu a 1829, ya wallafa Liya'ut Ta'wili da Liya'ul Hukkami, littattafan da sunansu kansa haske ne.

Don haka darajar tsohuwar fitila ba ta tsaya ga ƙarfenta ba, tana ga sanin wanda ya yi karatu a gabanta. Idan dillali ya raba ta da gidanta, ta zama kamar ruwayar da isnadinta ya yanke. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izini ba, kuma tun 1958 tsohuwar fadar Argungu ta zama Gidan Tarihin Kanta, inda ake adana kayan Kabawa.

Ya kamata duk ɗan'uwan da ya gāji fitila, ko gafaka, ko allo, ya rubuta sunan mai shi da silsilar waɗanda suka riƙe shi tun dattawan da suka sani suna raye. Allah Ya haskaka makwancin magabata, amin.